Hayar Mota a Dubai: Tambayoyin da Aka Fi Yi Min da Amsoshinsu

Duk lokacin da wani daga cikin 'yan uwa ko abokan kasuwa zai je Dubai ya ce yana so ya ɗauki hayar mota, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na ce bari in zauna in zube su wuri ɗaya kowa ya ɗiba. Na yi tuƙi a can ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na kuma biya tara da kuɗina, don haka abin da ido ya gani ne da wanda aljihu ya ji.

Wai ma dole ne sai na ɗauki mota?

A'a. Idan sari ne ya kai ka, kana yawo tsakanin Deira da Naif da Murshid Bazar da kasuwar gwal, wallahi mota wahala kawai za ta zame maka, lungunan can a matse suke ga masu turin kaya ga motocin lodi, sai ka yi minti 40 kana zagaye kana neman wurin fakin alhali wanda kuka fito tare ya shiga metro ya sauka a Baniyas ko Al Ras har ya gama ciniki. Jirgin metro ɗin nan tun 2009 yake aiki, ga tasi ko'ina, ga kwalekwalen abra da zai tsallakar da kai ruwa daga Deira zuwa Bur Dubai. Amfanin mota yana fitowa ne ranar da ka ce za ka bar gari, ka je Abu Dhabi ko Al Ain ko ka hau duwatsu, ko kuma kana da iyali da yara. Ni yadda nake yi yanzu, sai na gama harkar kasuwa tsaf sannan in ɗauki mota ta kwana uku ko huɗu.

Lasisina na gida zai yi?

Shi kaɗai ba zai yi ba. Akwai ƙasashen da ake karɓar lasisinsu kai tsaye, irin su Ingila da Amurka da ƙasashen Gulf, amma mu da muka fito daga Najeriya ko Nijar sai ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ɗan littafin nan, kuma tun daga gida ake yinsa kafin a taso. Ka riƙe su biyun tare, shi na ƙasa da ƙasan fassara ce kawai ta naka na gida, idan na gidan ya ƙare aiki to shi ma ya zama takardar tsire. Sannan fasfo da biza, da katin banki mai sunanka.

A kiyayi masu sayar da "lasisin duniya" a intanet cikin minti 10, da yawansu takardar banza ce. Kuma kafin ka biya ko sisi ka tura wa kamfanin hoton takardunka ka tambaye su ƙarara, kuna karɓar wannan? Su amsa a rubuce. Wanda yake da bizar zama a can kuma maganarsa daban, shi sai lasisin Daular, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki.

Shekara nawa ake buƙata?

Yawancin kamfanoni 21, kuma lasisin ya kai shekara ɗaya a hannunka. Manyan motocin nan na 'yan gayu sai 25.

Menene zancen kuɗin ajiya da ake ta kuka da shi?

To nan ne gizo ke saƙar. Za ka ga talla mota dirhami kaza a rana, araha kamar kyauta, ka je kanta sai a ce za a riƙe dirhami dubu ɗaya ko dubu biyu a katinka, wani lokacin fiye, ya danganta da motar. Ba cinyewa suke yi ba, riƙewa suke saboda tara da kuɗin Salik, wato kuɗin hanya na Dubai, ba sa fitowa nan take, sai bayan ka mayar da mota da kwanaki, shi ya sa kuɗin kan yi sati uku zuwa wata guda kafin ya dawo. Matsalarmu ita ce kati, da yawan kamfanoni katin kiredit suke so, mu kuma mafi yawanmu na cire kuɗi ne a hannunmu, kuma na naira ba kullum yake aiki a waje ba. Wasu ƙananan kamfanoni suna karɓar tsabar kuɗi, amma ka tambayi kanka, bayan ka koma Kano ko Maraɗi ta yaya za su dawo maka da shi? Idan kana da wani amintacce mazaunin can to da sauƙi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar ka bar fasfonka a hannun kowa a matsayin jingina, komai daɗin bakinsa. Su ɗauki hoto su ba ka abinka.

Me zan duba kafin in ja motar?

Ka fito da wayarka ka yi bidiyo, ka zagaye motar a hankali ma'aikacinsu yana tsaye, bamba gaba da baya, ƙofofi, madubai, gilas, rim ɗin tayoyi musamman don su ne aka fi gogawa a gefen titi, ka leƙa rufin, ka buɗe but ka ga safaya da jak, ka shiga ciki ka ɗauki kujeru da allon da ke nuna mai da kilomita. Duk ƙarzanen da ka gani a sa shi a takarda. Akwai wani kamfani da ya taɓa nuna min wani ɗan kwarzane a ƙasan bamba ranar da na mayar da mota, wurin da sai ka durƙusa za ka gani, suka ce nawa ne. Na buɗe bidiyon ranar farko na tsayar da shi daidai wurin, mutumin ya kalla ya kalla, ya ce shi ke nan Alhaji, je ka. Da ba don minti biyun nan da na ɓata ba da ajiyata ta tafi.

Ka kuma tambayi iyakar kilomita, wasu suna sa 250 a rana, zuwa Abu Dhabi da dawowa kaɗai ya haura haka. Ka kunna esi ka ji sanyinsa tun a wurin, a watan Yuli mota mara esi a ƙasar nan tanda ce.

Inshora fa, ƙaramar ko babbar?

Wadda take zuwa da motar tana da wani kaso da kai za ka biya idan laifinka ne, ko idan ba a san wanda ya buge ka ba. Babbar tana ɗauke maka wannan ko ta rage shi. In dai karonka na farko ne ka sayi babbar ka huta, amma ka karanta, galibi ba ta rufe taya da gilas da ƙarƙashin mota, kuma ba ta rufe shiga rairayi ko ruwa. Wanda ba a rubuta sunansa a takarda ba kar ya taɓa sitiyari, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, idan wani abu ya faru inshora za ta zame ta bar ka.

Ta wane hannu suke tuƙi?

Dama, kamar mu. Sitiyari a hagu, motocin kusan duk atomatik. Allunan hanya da Larabci da Turanci.

To in haka ne ai babu wani bambanci da gida?

Hmm. Akwai, babba ma. Titin Sheikh Zayed akwai inda yake da layi shida ko bakwai a hannu ɗaya, kowa yana gudu, kuma idan ka wuce mafitarka babu zancen ja da baya ko yin kwana a tsakiyar titi yadda muka saba, sai ka tafi kilomita da dama kafin ka samu inda za ka juyo, wataƙila ma ka ƙara wuce ƙofar Salik ka biya kuɗin ɓata. Google Maps ko Waze dole ne, ka sayi layi mai data tun a filin jirgi, ka sa wayar a maƙali, kuma ka riƙa kallon lambar mafita da sunan unguwa a allo saboda gadojin saman suna rabuwa biyu uku a lokaci ɗaya, taswira tana cewa ka riƙe dama alhali damar guda uku ce.

Layin ƙarshe na hagu ka bar wa masu shi. Za ka ga wata ƙatuwar Nissan Patrol ta taho ta manne maka a baya tana watsa maka fitila, kar ka yi zuciya kar ka taka birki don ka koya masa hankali, sa sigina ka koma dama ya wuce. Ni layi na biyu ko na uku nake zama abina. Oda kuma ba a danna ta sai da dalili, ba gaisuwa ba ce a can. A shataletale wanda yake ciki shi ke da hanya. Mai tafiya a ƙasa idan ya sa ƙafa a zanen tsallakawa tsayawa ake yi cak, rashin tsayawa tarar dirhami 500 ce. Motar 'yan makaranta idan ta buɗe allon tsayawa a gefenta kai ma ka tsaya, wannan tararsa 1,000.

Yaya maganar gudu da kyamara?

Ka cire wa ranka cewa akwai wanda zai tsayar da kai ku yi magana, ka ce yallaɓai a yi haƙuri baƙo ne ni. Da wuya ka ga ɗan sanda a titi, kyamara ce, ita kuma ba ta san Alhaji ba ba ta san baƙo ba, walƙiya ɗaya za ka gani a madubi shi ke nan, saƙo ya tafi wurin kamfani, su cire a ajiyarka har da ɗan ladansu a kai.

Ga inda mutane suke faɗawa. A Dubai akwai rarar kilomita 20 a kan abin da aka rubuta a allo, wato in an sa 100 kyamara ba ta kamawa sai ka haura 120. Abu Dhabi kuma ta soke wannan rarar tun 2018, abin da ke allo shi ne iyaka, ɗigo ɗaya ka ƙara an ɗauke ka. To titin ɗaya ne, E11, kana tafe kana sauraron karatu ko hira ba ka ma lura ka wuce Ghantoot ka shiga ƙasar Abu Dhabi ba. Haka ta faru da ni, ina tafe da lissafin Dubai a kaina, sai da na dawo gida na ga an zaftare min dirhami 300 da 'yan kai. Tun daga ranar abin da allo ya ce shi nake bi ko a ina ne, in sa kurus, na'urar da ke riƙe gudun mota daidai, in huta.

Sauran da ya kamata ka sani: riƙe waya kana tuƙi 800, rashin ɗaura bel 400 kuma har na kujerar baya kowa sai ya ɗaura, yaro ɗan ƙasa da shekara 4 sai a kujerar yara, wadda za ka iya haya a wurin kamfanin. Tsallake jar danja ita ce babbar musiba, tarar 1,000 da kama mota kwana 30, a Dubai kuma fito da motar da aka kama kan wannan laifin yana kaiwa dirhami 50,000, ga kamfani zai caje ka kuɗin kwanakin da motarsu ta yi a tsare. Idan koren ya fara ƙiftawa ka fara rage gudu kawai.

Menene Salik?

Kuɗin hanya ne na Dubai, tun 2007. Babu shinge babu mai karɓa, wata 'yar takarda ce manne a gilashin gaba, kana wucewa ƙarƙashin ƙofar ana cira. Da dirhami 4 ne kowane lokaci, daga farkon 2025 suka mayar da shi 6 a lokacin cunkoso na safe da yamma, 4 a sauran lokuta, tsakar dare daga ƙarfe 1 zuwa 6 na asuba kyauta. Kamfanin haya yana ɗora ɗan wani abu a kan kowace wucewa. Ba shi da yawa a ido amma ka yi sama ka yi ƙasa a Sheikh Zayed kwana huɗu ka ga lissafi. In ba sauri kake ba, titunan E311 da E611 suna zagaye ta bayan gari. Abu Dhabi nata sunansa Darb, a gadojin shiga cikin birnin, shi a lokacin cunkoso kawai ake cira.

Fakin da mai fa?

Fakin na gefen titi a Dubai na kuɗi ne daga 8 na safe zuwa 10 na dare, Lahadi kyauta a yawancin wurare. A Sharjah ranar Juma'a ce kyautar, kar ka haɗa su. Ka duba allon unguwar akwai lamba, da ita ake biya a na'ura ko ta waya. Manyan kantuna irin Dubai Mall awannin farko kyauta ne.

Mai kuma babu layi babu 'yan bumburutu, ka shiga ENOC ko ADNOC ko Emarat, ma'aikaci zai zuba maka, ka ce masa Special 95, shi ƙananan motoci suke sha. Farashi ɗaya ne ko'ina, duk wata ake sanar da sabo. Kusan kowane babban gidan mai a kan hanya yana da masallaci da banɗaki mai tsabta da ɗan kanti, don haka sallah ba ta zama matsala a tafiya, ga shayin karak mai zafi. Ka mayar da mota da mai daidai yadda aka ba ka.

In aka yi haɗari me zan yi?

In akwai rauni 999, motar asibiti 998. In ƙaramin gogayya ne ku matsar da motocin gefe kar ku tare hanya, ku ɗauki hoto, a Dubai ana kai rahoto ta manhajar Dubai Police, a Abu Dhabi Saaed ake kira, a Sharjah Rafid. Sai ka kira kamfani. Abin da muka saba na a sasanta a gefen titi, ka ba shi wani abu ya je wurin mai gyara, ba ya aiki a nan, babu garejin da zai taɓa motar sai da takardar 'yan sanda, ko bango ka goga kai kaɗai sai ka samo ta. Kuma duk yadda ranka ya ɓaci kar ka zagi kowa, kar ka yi daƙuwa, wannan hannun da muke watsawa ta taga a gida a can yana iya kai mutum kotu. Haɗarin wasu ma kar ka tsaya ɗauka a waya.

Mace za ta iya haya ta tuƙa?

Ƙwarai, Hajiya, sharuɗɗan ɗaya ne da na maza.

To ina zan je da motar?

Yawwa, ga inda kuɗinka zai yi daɗi. Abu Dhabi kamar kilomita 140 ne, awa ɗaya da rabi. Masallacin Sheikh Zayed shiga kyauta ne amma ka yi rajista ta intanet kafin ka je, ƙubba 82, farin marmara ko'ina, ka daidaita ka isa bayan la'asar ka yi magariba a can ka ga yadda fitilu suke canza shi. In da lokaci ga fadar Qasr Al Watan da gidan tarihi na Louvre a tsibirin Saadiyat.

Amma ni in za a ce in zaɓi wuri ɗaya, Al Ain zan ce. Ka bi E66 tsakanin tuddan jan rairayi, ka fara da kasuwar raƙuma da safe, duk wanda ya san kara a gida zai ji kamar ya zo wurin 'yan uwa, dillalai suna jan hannun mai saye ana ta ciniki, ga awaki da tumaki a gefe. Daga nan ka shiga gonar dabinon tsakiyar gari, itatuwa kusan 147,000, ruwa yana bin ƙananan magudanai da suke kira falaj tun zamanin kakanni, kana shiga inuwar za ka ji zafin ya sauka kamar an kashe wuta. Da yamma sai ka hau Jebel Hafeet, titin bai kai kilomita 12 ba amma kwana wajen 60 ne, sumul kamar an shafa mai, kana hawa garin yana ƙanƙancewa a ƙasa. Wajen saukowa ka sa ƙaramar giya, kar ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya fara wari.

Jebel Jais a Ras Al Khaimah shi ne dutse mafi tsawo a ƙasar, akwai sanyi a sama ka tafi da rigar sanyi in lokacin hunturu ne, kuma ka cika tanki tun a ƙasa. Gabas kuma akwai Khorfakkan, sabon titin da aka buɗe a 2019 yana ratsa cikin duwatsu ta ramuka, ka ɓullo bakin teku, gaba kaɗan ga masallacin Al Bidya na ƙasa da dutse, ɗan ƙarami mai ƙubba huɗu, ana ƙiyasta ya haura shekara 500 kuma har yau ana sallah a ciki. Ginin zai tuna maka tsoffin masallatan ƙasa na garuruwanmu.

Garin Hatta fa, na ji ana cewa hanyar ta bi ta Oman?

Tsohuwar hanyar E44 tana ratsa wani yanki na Oman, baƙi irinmu ba sa wucewa ta nan. Ka bi ta E102, hanyar Sharjah zuwa Kalba, ka sauka Hatta. Ka duba taswirarka da kyau kafin ka tashi. Madatsar ruwan garin tana da kyau, ruwa kore shar tsakanin duwatsu, ana hayar ƙananan kwalekwale.

Zan iya tsallakawa Oman da motar haya?

Sai da izinin kamfani a rubuce, da inshorar Oman, da bizar Oman, sannan bizarka ta Daular ta zama mai ba ka damar sake shigowa. Da yawan kamfanoni ma ba sa yarda.

Sahara fa, in ɗan shiga rairayi?

Da motar haya a'a. Ko jif ce. Tuƙin rairayi sana'a ce, ana sace iskar taya, ana tafiya a ayari, kai kuma za ka kafe tun a tudun farko, kuɗin janyowa naka, gyara naka. In kana son wannan ka biya masu safari su ɗauke ka. In kallo kawai kake so, tafkunan Al Qudra suna nan bayan gari, ka tsaya inda ƙasa take da tauri. A hanyoyin ƙauye kuma ka kula da raƙuma, musamman da dare.

Wane lokaci ne ya fi, kuma yanayi yana hana tuƙi?

Nuwamba zuwa Maris. A watannin nan hazo yana sauka da asuba, mai kauri irin wanda ba ka ganin motar gabanka, musamman hanyar Abu Dhabi, ka rage gudu ka bar tazara, allunan lantarki suna sauke iyakar gudu zuwa 80 kuma kyamara tana bin sabon lissafin, sannan ba a tafiya da fitilun gaggawa a kunne, na wanda ya tsaya ne. Ruwan sama ba ya yawa amma in ya zo titi yana cika, wanda ya ga na Afrilun 2024 ya san motoci nawa aka bari a cikin ruwa. A duwatsu in hadari ya haɗu kar ka yi fakin a cikin kwari.

Na samu otal mai araha a Sharjah, in sauka can in riƙa shigowa Dubai?

Za ka iya, amma ka san gosulon titin Al Ittihad da ya haɗa Sharjah da Dubai. Da safe duk Sharjah tana kwarara Dubai aiki, da yamma ta koma, tafiyar minti 20 sai ta zama awa ɗaya da rabi. In za ka fita bayan 10 na safe ka dawo bayan isha'i to babu laifi.

Ranar mayarwa fa?

Ka je da wuri, wasu awa ɗaya ka ƙara sai su caje ka kwana. Ka kakkaɓe rairayi da ɓawon gyaɗar yara, kar a sha taba a ciki, ka sake yin bidiyo kamar na ranar farko har da allon mai da kilomita, a duba motar kana tsaye a ba ka takardar cewa an karɓa lafiya. Ka karɓi lambar wayar ofis da imel, bayan sati uku ka tuntuɓe su ka nemi lissafin Salik da na tara dalla-dalla, kowace tara tana da lamba da rana da wurin da aka yi ta, ka gwada da kwanakin da motar take hannunka.